Ƙarar Motar Jatau

Wani mafarki na yi a daren jiya, wanda har yanzu da nake ba da labarinsa ban daina jin warin fetur a hancina ba. Amma kafin in shiga cikinsa sai na faɗi abin da na kwanta da shi a rai, don mafarkin ba haka kawai ya zo ba.

Sunana Sallau, bakanike ne ni a Funtuwa, shekarata talatin da huɗu a sana'ar. Sallau Kunne ake ce mini a gari, domin a zamanin kafireta ba na buɗe bonet sai na riga na san ciwon mota. In kafa bakin sukudireba a jikin inji, in ɗora kunnena a kan ƙotarta, in ce fulogi na uku ne, a kwance a tarar fulogi na uku ne. Motocin yanzu kuwa ba sa magana da kunne, da fitila suke magana. Ban iya yarensu ba, ban kuma taɓa yarda na faɗa wa kowa ba.

Kwana shida ke nan motar Jatau tana garejina. Jatau abokina ne tun muna wasan ƙasa, tsohon malamin firamare, kuma da wannan motar yake kai matarsa Asabe wankin ƙoda Zariya duk Litinin da Alhamis. Muddin ƙafarsa na kan totur motar lafiya lau take tafiya. Da ya ɗaga ƙafa sai inji ya kama rawa, ta yi tari biyu ta mutu, ko da a tsakiyar titi ne. Sau biyu tana mutu masa a gaban tirela. Ga kuma fitilar gargaɗin nan ruwan ɗorawa a gaban direba ta kunnu ta ƙi mutuwa. Na aro kwamfutar gwaji wurin Ilu rewaya maƙwabcina, ta kira sunan sensar iska, 'yar na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji, na cire ta na jefa a kwali na sa sabuwa. Fitila ta dawo. Ta kira sunan sensar totur, ita ma na cire na sa sabuwa. Fitila ta sake dawowa. Jiya da la'asar Jatau ya bugo waya ya ce gobe Alhamis, kuma Asabe ta sha wuya a motar haya ranar Litinin. Sai na kwance gilashin mita, na yanki baƙin tef na liƙe fuskar fitilar, na mayar da gilashi. Na ce masa an gama, ya zo da safe ya ɗauka. Da wannan na kwanta.

Sai ga ni a gareji da rana tsaka, ba kowa. Na ɗaga bonet ɗin motar Jatau, maimakon inji sai na ga matakala tana gangarawa. Ban yi mamaki ba. Na gyara hulata na sauka.

A ƙasa wani daji na tarar, itatuwansa duk na takarda ne ruwan ɗorawa, a ninke a jere, tsayinsu ya fi na rimi. Na tsaya ina kallo har wuyana ya gaji kafin in gane matatar iska ce, wannan da nake kaɗewa a jikin taya in mayar. Iska kuma mutane ne a garin nan. Suna tafe a layi, dubbai, cikin fararen riguna, kana hango abin da ke bayansu ta cikin jikinsu. Ba mai ɗauke da kaya, ba mai ture wani. Duk wanda ya iso bakin dajin sai ya sunkuya ya tuɓe ƙurarsa ya ajiye, kamar yadda ake tuɓe takalmi a ƙofar zaure, sannan ya wuce. Wani ya yi mini sallama, na amsa, na ji sanyi ya ratsa ni ya fita ta baya. Na tambaye shi daga ina. Ya ce da safe yana kan dutsen Kwatarkwashi, da hantsi ya ɗan shiga hancin wata saniya a Tsafe, yanzu kuma an kira shi nan.

Na ce, "Wa ya kira ka?"

Ya ce, "Ƙafa."

Na bi su. Gaba kaɗan hanya ta buɗe, na hango garin gaba ɗaya. Ruwan sama ake yi, amma daga ƙasa yake tashi. Rijiyoyi huɗu ne a jere, kowacce tana feso fetur sama, lallausa kamar raɓa, ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ke shiga lokacin 'yar'uwarta. A bayansu akwai turame huɗu a kife, kowanne ya kai rumbu goma, taɓarya na daka su daga ƙasa. Kafin kowace taɓarya ta kai ƙarshe sai walƙiya ta sauko cikin turminta, shuɗiya, siririya, a daidai lokacin da ake bukatarta. Shekara talatin da huɗu ina cusa hannu a wannan wuri ina zage-zage, ban taɓa sanin haka yake da kyau ba. Na cire hulata na riƙe a hannu, ban san dalili ba.

"Malam, kana tare hanya."

Na waiga. Akuyar garejinmu ce, jar nan mai cin kwalaye, tana zaune a bayan tebur da tabarau a hanci. A gareji jifa ce tsakanina da ita. A nan ko kallon arziki ba ta yi mini ba.

Ta ce, "Suna?"

Na ce, "Sallau Kunne."

"Sana'a?"

"Sauraren ƙara."

Ta ɗago kai ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "To ai mu ma sana'armu ke nan. Kai mai ƙara ne ko wanda ake ƙara?"

Na ce mata ba irin wannan ƙarar nake nufi ba, ƙarar inji nake nufi, wadda ake ji da kunne. Ta ce a garin nan ƙara iri ɗaya ce, wadda ake shigarwa. Ta jawo takarda ta buga mata hatimi da kofato, ta karanta sunana a jiki, sannan ta cinye ta a gabana ba gaggawa.

Ta ce, "Sammacinka ya same ka. Biyo ni."

Ban ga mun yi tafiya ba, sai ga mu a cikin wani ɗaki na kwano, ba taga ba fitila, amma ana ganin komai. Akuya ta ce in durƙusa, gaban alƙali nake. Ɗakin nan shi ne akwatin da muke kira birenbos, ƙwaƙwalwar mota, wanda nake tsoron ko taɓa shi. Alƙalin tsoho ne ɗan ƙarami, a zaune a kan buzu, idanunsa a rufe. A kowane yatsansa an ɗaura zare, ja da kore da shuɗi da fari, sun fi a ƙirga, sun fita ta bango zuwa ko'ina a garin. Zare ya motsa, tsohon ya yanke hukunci. Wani ya motsa, ya yanke. Bakinsa bai tsaya ba: "Ƙara ɗigo. Rage. Walƙiya yanzu. Dakata. Yanzu." Kafin in ƙifta ido ya yanke shari'a ɗari, ba wadda ya ɗage zuwa gobe.

Akuya ta raɗa mini cewa tun da aka haife shi bai taɓa ganin titi ba. Bai san rana ba, bai san Zariya ba, bai san fuskar Jatau ba. Abin da shaidu suka aiko ta zare, shi ne duniyarsa. Na dubi tsohon nan da ke tafiyar da gari guda da abin da aka gaya masa kawai.

Na ce, "Allah ya gafarta malam."

Ya ce, "Rage. Kai ne Sallau? Walƙiya. A kawo shaidun da ya kora."

Aka jawo kwali, kwalin nan nawa na ƙarƙashin benci. Mutum biyu suka fito suna kaɗe jiki. Na farko wani siririn dattijo ne, harshensa a waje, da 'yar waya ja zur a kansa. Ya ce shi ne sensar iska. Aikinsa ya tsaya a bakin hanya da harshe mai zafi, iska na wucewa tana sanyaya shi, da haka yake sanin yawan waɗanda suka wuce. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana wannan tsayuwa, bai taɓa mayar da harshensa baki ba ko don ya haɗiyi yawu.

Ya ce, "Na ga iska ta ragu, na aika cewa iska ta ragu. Washegari wannan bawan Allah ya zo da sukudireba."

Na biyun gajere ne mai ido ɗaya, sensar totur. Shi aikinsa kallon ƙofa ɗaya tak, ya faɗi ko nawa ta buɗe. Ya ce ya ga ƙofar tana maƙalewa, ya faɗa, shi ma aka zo masa da sukudireba.

Raina ya ɗan ɓaci, don ba a saba tsayar da ni a gaban kayan gyara ba. Na ce, "Allah ya gafarta malam, ba da ka na yi ba. Kwamfuta na jona, ita ta kira sunayensu."

Alƙali ya ce, "Dakata. Ni na ba ta sunayen. Ƙara ɗigo. Na rubuta sunan wanda ya kawo ƙara, kai ka karanta sunan wanda ake ƙara. Mutum ya rugo ya ce maka gidanka na ci da wuta, ka kama shi ka ɗaure, ka sa wani a madadinsa. Yanzu. A kira sababbin."

Sababbin suka shigo, suna ƙyalli, ledarsu ma ba ta gama fita ba. Aka tambaye su. Na farko ya ce iska ta ragu. Na biyu ya ce ƙofa tana maƙalewa. Tsofaffin suka dube su, sababbin suka dube su, suka gaisa kamar 'yan gari ɗaya da suka haɗu a tasha.

Kunya ta rufe ni. Gaskiyar magana, ranar da Ilu ya miƙo mini kwamfutar nan akwai dogon rubutu a ƙarƙashin sunan, na gani. Tambayarsa abin da rubutun ke cewa ne ya yi mini nauyi, don ni na koya wa ubansa ɗaure birki.

Alƙali ya ce, "Akwai ta uku. Ita ba ta iya zuwa ba."

Rufin ɗakin ya zame gefe. Can sama, a kan wata doguwar katanga, na hango wata mata a tsaye cikin zane ruwan ɗorawa, jikinta na haske. An liƙe mata baki da baƙin tef tun daga kunne har kunne. Tana ta ɗaga hannu tana kiran wani da ban gani ba. Na gane yankan tef ɗin, don da haƙorina na yanke shi.

Alƙali ya ce, "Ita kaɗai ce a garin nan take iya magana da na waje. Rage. Ban yi fushi ba, Sallau, ba ni da lokacin fushi. A kai shi ya ga ƙofar."

Sai ga mu a maƙogwaron garin. Wannan shi ne abin da masu kwamfuta ke kira totur bodi, mu kuma muke ce masa bakin injekta, hannu ɗaya yake ɗaukarsa. A nan wani zaure ne zagayayye na azurfa, idan ka yi magana sai ta je ta dawo. Duk mutanen iska ta nan suke bi. A tsakiyarsa akwai faifan da ke buɗewa da rufewa, wanda muke kira batafilai. Na shekara ashirin ina faɗin kalmar kafin wata rana Jatau ya yi mini dariya ya ce ai sunan malam-buɗe-littafi ne da Turanci. To a garin nan ba wasa ba ne. Malam-buɗe-littafi ne na gaske, fukafukansa na tagulla, kowanne ya kai ƙofar gari, da farin gemu da tasbaha a hannu. Idan ya buɗe fukafukai sai haske ya cika zauren, iska ta kwarara ta gefensa tana wata irin murya mai daɗi da ban taɓa ji ba a inji. Na tsaya baki buɗe, har akuya ta ce in rufe kada a ƙirga ni cikin hanyoyi.

Na gaishe shi. Ya amsa da ƙyar, muryarsa a shaƙe.

Ya ce, "Matso ka duba gefena."

Na matsa. Gefen fukafukansa da bangon da suke taɓawa duk baƙin datti ne, maiƙo da hayaƙi na shekaru, ya daskare ya yi kauri kamar ƙanzon tukunya. Ya yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa ɗalibi mai taurin kai. Ya ce idan ƙafa ta taka, alƙali ya aiko, ya buɗe sosai, datti ba ya hana komai. Idan ƙafa ta ɗaga sai ya rufe, amma ba duka ba. Ana so ya bar 'yar kafa kamar kaurin gashi, ta nan garin ke numfashi idan mota na tsaye. Wannan 'yar kafar ce datti ya cike.

Ya ce, "Ina rufewa gari ya shaƙe. Mai harshe ya faɗa, mai ido ya faɗa. Ni kuwa kwana shida kana wucewa ta kaina da hannunka, ƙusa huɗu ce tsakanina da kai, ba ka leƙo ba."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Na zaro sukudireba zan tura fiffikensa in buɗe, yadda nake yi wa kafireta tun ina saurayi. Mutanen iska suka ja da baya.

Ya ce, "Mayar da ita aljihu. Wancan da ka sani waya ce ke jansa, ko jaki ya ja zai buɗe. Ni haƙoran roba gare ni a baya, ka tura ni da ƙarfi su zube, ka ƙara wa kwalinka mutum na uku. Ni roƙona ake yi."

Na rasa yadda zan yi. Sai na tuna abin da muke yi da Jatau muna yara idan muka ga irinsa a kan furen kabewa. Na tafa hannu, da gemuna da komai, na ce, "Malam, buɗe littafi." Akuya ta kau da kai. Malam ya yi murmushi, ya ce ya daɗe bai ji wannan ba, amma roƙon ba daga nan yake zuwa ba, daga sama yake zuwa.

Na ɗaga kai. Rufin zauren ya zama gilashi. A inda sararin sama ya kamata ya kasance, tafin ƙafa na gani, ya rufe gabas da yamma, cikin takalmin fata mai ɗinki a dunduniya. Na san takalmin. Can sama da shi, nesa kamar hadari, fuskar Jatau ce, da farar hularsa ta zuwa asibiti, hannu biyu a kan sitiyari. Ashe gari ya waye, ashe ya zo ya ɗauki motar, ashe duk wannan abin a kan hanyar Zariya muke. A kujerar baya Asabe ce a kishingiɗe da matashi, ƙafafunta a kumbure a kan jaka. Jatau ya dubi gaban mota, ya ga ba fitilar da ke ci, fuskarsa ta saki. Muryarsa ta sauko mana kamar tsawa mai nisa.

"Ba na gaya miki ba? Sallau in ya ce an gama, an gama."

Asabe ta ce, "Allah ya saka masa."

Ban taɓa jin addu'a ta yi mini ciwo irin wannan ba. Ta gilashin gaba na hango mararraba, da wata tirela ɗauke da buhuna tana fitowa daga hannun dama a hankali. Jatau direba ne mai natsuwa. Na san abin da zai yi, zai ɗaga ƙafa ya rage gudu, ya shiga tsakiyar mararrabar, sannan ya taka ya wuce kafin ta iso. Lissafinsa daidai ne, in motar ba ta mutu ba.

Ƙafar ta fara ɗagawa. Malam ya fara rufe fukafukansa, yana kallona, ba yadda zai yi. Hasken zauren ya soma raguwa. Mutanen iska suka taru a bakin ƙofa suna neman kafar da babu. Can ciki na ji turamen nan huɗu sun rikice, ɗaya ya daka, biyu sun yi shiru. Rijiyoyi suka ja ruwansu.

Na faɗa kan fiffiken da hulata ina gogewa. Dattin yana fita, amma kaɗan-kaɗan, hular ta yi baƙi ƙirin ban share ko taki ɗaya ba.

Malam ya ce, "Wankina aikin rabin awa ne, da ƙyalle mai laushi da ruwan wankin da aka yi domina. Bayan nan alƙali sai ya zauna shiru ya sake koyon numfashi, don ya saba da dattina, in ka ba shi ni fes a take sai ya ruɗe. Duk wannan za ka iya, kai gwani ne. Amma ba yau ba. Saura taku arba'in a kai mararraba."

Na ce, "To me zan yi, Allah ya gafarta malam?"

Ya ce, "Mai motar bai san komai ba. Da ya sani da bai shiga gaban tirela ba."

Na jefar da hula na ruga wajen katangar da matar nan take. Akwai matakala, na taka, amma duk takun da na yi sama sai in ga na ƙara nisa da ita. Na yi gudu, ta ƙara nisa. Akuya tana zaune a gindin matakalar tana tauna wani abu.

Ta ce, "A garin nan ba a hawa a tsaye."

Na durƙusa. Gwiwata na taɓa ƙasa na ga na haura hawa goma. Na sunkuyar da kai na haura ashirin. Da rarrafe na ƙarasa, ni Sallau Kunne, da rana tsaka, a gaban dukan garin. Ban damu da wanda ya gani ba.

Da na iso gabanta sai na ga ba ta kai tsayin da na zata ba. Idanunta sun yi ja don ƙoƙarin magana. Daga nan sama ana ganin komai: turame sun tsaya, walƙiya ta ɗauke, garin ya yi duhu sai haskenta kawai da tef ya danne. Ta gilashi kuma gefen tirelar ya cika sararin sama, har ina iya karanta rubutun da ke jikin buhunan. Jatau ya taka totur, ba abin da ya amsa. Na ga ya dubi gaban motar yana neman wanda zai gaya masa abin da ke faruwa.

Na kama bakin tef ɗin da farce na ja. Zafin a bakina na ji shi, kamar gashin bakina ake tugewa ɗaya-ɗaya. Na ci gaba da ja, hawaye na zuba. Ya fita. Ta ja dogon numfashi, ta buɗe baki, dukan garin ya ɗaga kai yana jiran abin da za ta ce.

Abin da ya fito daga bakinta ƙarar ƙarfe ne a kan ƙarfe, kwas, kwas, kwas.

Na buɗe ido. Rana ta fito har ta shigo ɗaki. Wani ne ke buga ƙyauren gidana da ɗan makulli. Na fita ba hula ba takalmi. Jatau ne a tsaye da farar hularsa, ga Keke Napep a bayansa tana jira, Asabe na ciki da matashinta a cinya.

Ya ce, "Mutumina, ka makara. Mun biya gareji a rufe, na ce bari mu zo mu karɓi makulli a gida."

Makullin yana aljihun rigata, ina jin nauyinsa. Na jawo shi gefe, inda Asabe ba za ta ji ba. Na ce masa motar ba ta gyaru ba. Na ce fitilar tana nan tana ci, ni na liƙe ta da tef don kada ya gani. Na ce ina jin yanzu na san inda ciwon yake, amma sai na buɗe na gani da idona, kuma sai na kira Ilu ya karanta mini abin da ban iya karantawa ba.

Jatau ya dube ni. Sannan ya waiga ya dubi matarsa, ya dawo da idonsa kaina.

Ya ce, "Da ka bar mu mun hau hanya ke nan, Sallau?"

Na ce, "Jiya da na bar ku."

Jatau ya ba ni baya. Ya koma ya shiga kusa da ita, ya ce wa mai Keke ya juya tasha. Suna juyawa Asabe ta leƙo, ta ɗaga mini hannunta mai tabon allura, ta ce, "Malam Sallau, sannu da ƙoƙari."